Yadda ake sayen fijo 504 a Zariya a yau, da yadda ake riƙon ta

Duk wanda ya zo garejina yana so in raka shi duba fijo 504, abu ɗaya nake fara gaya masa: jikinta za ka saya, inji mai gyaruwa ne. Ni bakanike ne, a kan fijo na koyi aiki a Sabon Gari, kuma injin da na ce a haƙura da shi bai taka kara ya karya ba. Amma bodin da tsatsa ta cinye, ko wane ne fanel bita, sai dai ya lallaɓa maka.

Kafin ka fita nema, ya kamata ka san shekarun abin da kake nema. A Faransa aka fito da 504 a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN mai haɗa fijo da ke Kakuri a Kaduna, wanda Janar Yakubu Gowon ya buɗe a 1975, shi ya mai da ita tamu. A shekarun farko jirgin sama ke ɗauko kayan daga Faransa ya sauke a Kano, manyan motoci su kwasa su bi ta nan Zariya zuwa Kaduna a haɗa. Gwamnati ta ɗauke ta motar aiki, daga sakatariyar ƙaramar hukuma har ayarin gwamna. Malaman jami'a a Samaru da Kongo da manyan ma'aikata suka riƙa karɓar bashin mota suna fiddo ta sabuwa dal da ledarta. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka. Shi ya sa za ka ga 504 biyu a jere, kama ɗaya, amma ɗaya ta girmi ɗaya da shekara 25.

Ba lalacewa ce ta kore ta ba, wannan nake so matasa su sani. Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986 darajar naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar fijo ta fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Sai ga motocin Kwatano, Golf da Toyota da Honda, masu araha da ƙarancin shan mai. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin biyan ma'aikata kuɗi maimakon saya musu mota, babban mai ciniki ya janye. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati a PAN, a 2012 hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka maƙale a bankuna ta karɓe kamfanin saboda bashi. Yau akwai kamfanin Dangote da ke haɗa sababbin fijo a Kaduna, amma 504 ta tafi, ba mai sake yin ta. Abin da ya rage a hannun mutane shi ke nan, kuma kullum raguwa yake.

Ka fara yanke wa kanka wadda kake so. Salun ta iyali ce da zuwa ofis. Wagon mai kujera layi uku ita ce ta yi zamani a tashar Kwangila, Kano da Kaduna da Funtuwa, kuma kusan duk wadda za ka samu ta sha haya har ta gode Allah. A-kori-kura kuwa, wato fikof, har gobe tana cin abincinta: masara daga Giwa, rake daga Maƙarfi, tumatir daga fadamun Hunƙuyi. Idan don neman kuɗi za ka saya, ita nake ba da shawara. Idan don sha'awa ce, nemi salun ta gidan tsohon ma'aikaci, wadda hannu ɗaya ya riƙe, ko da ta shekara a ajiye a ƙarƙashin bishiya.

Kada ka yarda a nuna maka mota da magariba, kada kuma ka biya kafin alƙalami a kan hoton waya, wannan cinikin biri a sama ne. Je da safe, da tocila da ɗan maganaɗisu da tsohon buhu na shimfiɗawa. Ɗage kafet ɗin gaba da na baya ka taka daɓen da ƙarfi. Buɗe but ka ɗage shimfiɗarsa ka duba daɓen da kusurwoyinsa, can ruwan damina ke kwana. Buɗe bonet ka duba inda kan shokozoba na gaba ke ɗaure da jiki, hagu da dama. Idan wurin ya tsage ko ka ga walda a kan walda, ka yi sallama da mai ita cikin mutunci. Bi ƙasan ƙofofi da gindin gilashin gaba da maganaɗisun nan. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, bodi-fila ce aka cika aka shafe da fenti. Sannan ka shimfiɗa buhu ka kwanta ka haska inda ƙafafun baya suke riƙe da jiki. Wurin nan shi ne ran motar. Na ga wagon da ta yi kyau kamar amarya daga sama, da muka leƙa ƙasa sai ga ƙarfen rodi an yi mata ƙari da shi, mai ita kuma yana ɗaukar mutum tara. Duba tazarar ƙofofi ma: idan ɗaya na rufuwa da kyar, ɗaya kuma tana da giɓi, motar ta taɓa bugawa ko ta lanƙwashe da lodi.

Sai inji. Ka roƙi mai ita kada ya tayar kafin ka iso, ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye laifinsa. Zaro sandar baƙin mai. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Buɗe murfin lagireto tun injin na sanyi, a tayar, ka zuba ido: kumfa mai tasowa ba tsayawa alamar gasket ya ƙone ne ko tof silinda ya tsage. Zagaya baya ka dubi salansa. Hayaƙi shuɗi, ringi sun gaji. Baƙi, kafireta ce ke ba da mai fiye da kima, wannan ƙaramin aiki ne. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama, ruwa ne. Ƙarar caka-caka daga gaban injin yawanci sarƙar taimin ce ta saki, domin 504 sarƙa take amfani da ita, ba bel ba. Duk waɗannan abin rage kuɗi ne a ciniki, ban da ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan injin, wadda ke nufin sai an kai karanshaf wajen masu yanka.

Dalilin da ya sa ba na tsoron injin nan shi ne silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, zarewa ake yi. Injin mai 1971cc ko ƙaninsa mai 1796cc, idan ya gaji, sai a sa sabon silif da fistin da ringi da metal, ya dawo aiki ba tare da an taɓa bulok ba.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagayen PZ. Hau titin Samaru zuwa Shika inda za ka sa giya ta ƙarshe, ka saki totur ka sake takawa: idan giya ta fice da kanta, ko ka ji kuka daga baya yana tashi da gudu, giyabos ko aksul na neman kuɗi. Furofelar 504 a cikin bututu take, ba ka ganin ta da ido, don haka kunne ne zai gaya maka. Daga nan ka sauka kan hanyar burji mai ramuka. Lafiyayyar 504 lilo take a kan rami, ba ta dukan ƙashin baya, kuma da wannan taushin ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Idan tana dukan ka, shokozoba da bushin sun mutu. Taka birki a fili ka ga ko tana ja gefe. Ka dawo ka bar ta a tsaye tana aiki minti 15 ka ga inda allurar zafi za ta tsaya.

Takardu: lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce. Da yawa an canza musu inji, ba laifi, amma a kawo rasit. Idan tsohuwar motar gwamnati ce, a nuna takardar gwanjo. Idan ta gado ce, a samu yardar magada a rubuce da shaidu, kada wani ɗa ya dawo daga tafiya ya ce bai sani ba. Ka yi canjin suna ka sabunta komai kafin ka haɗu da 'yan KASTLEA masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna ko Road Safety a Ɗan Magaji.

To, ka saya. Abokin gabarta na farko zafi ne. Bulok ɗin ƙarfe ne, tof silinda kuwa alminiyom, idan ya tafasa sau ɗaya da kyau sai ya banƙare. Makon farko ka cire lagireto a kai a wanke shi ciki da waje, ka canza hos-hos da fanbel da murfi. Ka daina ɗura mata ruwan rijiya. Shi ke cin alminiyom daga ciki yana toshe hanyoyin ruwa. Sayi ruwan sanyaya inji na galan, in babu hali ka tari ruwan sama mai tsabta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Zariya ke ƙuna, duba ruwa kowace safiya kafin ka tayar. In allura ta hau a cunkoson Tudun Wada ko Ƙofar Doka, ka faka ka kashe, kada ka buɗe murfi da zafi, kada ka watsa wa injin ruwan sanyi.

Ga wani abu da maigidana ya koya mini da tsawa, Allah ya jiƙansa, kuma yaran yanzu da suka taso a kan Toyota ba su san shi ba. Idan aka cire tof silinda, ba a juya karanshaf sai an danne silif da ƙarfe da kusoshi. In aka juya haka nan, fistin zai ɗaga silif, hatimin da ke gindinsa ya motsa, a haɗa inji lafiya lau, bayan kwana kaɗan ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Kafin ka ba wani injinka, tambaye shi wannan. Tambaye shi kuma daga ina ake ƙirga silinda ta ɗaya. A fijo daga wajen giyabos ake farawa, tsarin wuta kuma 1-3-4-2. Idan ya yi inda-inda, ɗauki makullinka.

Sauran hidimarta mai sauƙi ce. Baƙin mai lita 4, mai kauri irin 20W-50, a canza shi da filta a kan lokaci, kuma na galan mai hatimi, ba na kwalba a bakin titi ba. Tazarar kwantak 0.4 na milimita, a auna da ma'auni, a daina aunawa da ido. Ka ajiye kwantak da kwandensa da fanbel da fulogi biyu a cikin mota, domin su ne ke tsayar da ita a daji, kuma duk ba su cika aljihu ba. Da hunturu ƙura na shaƙe filtar iska, kafireta ta fara shan mai, don haka a kakkaɓe ta duk mako. Wasu na cire filtar gaba ɗaya wai inji ya sha iska. Wannan ƙasa suke ɗura wa ringi.

Maganar mai kuwa sai a faɗi gaskiya. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, 504 ba motar yawon gari ba ce. Kafireta mai kyau da taimin daidai suna rage shan, amma ba za ta zama Golf ba. Ka yi lissafin aikin da za ta yi maka kafin ka zare kuɗi.

Kayan gyara har yanzu ana samu a Sabon Gari, abin da ya gagara a gangara Panteka a Kaduna, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. A ra'ayina tsohon kaya na asali da aka ciro daga wata fijo ya fi sabo mai sheƙi marar suna, musamman kafireta Solex da distiributa da famfon ruwa. Ka tafi da tsohon a hannu ka gwada, domin tsakanin ta farko da ta ƙarshe, irin su Bestline, an canza abubuwa da dama. Amma kayan birki, da hos, da taya, sababbi kawai. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya mai shekaru da yawa ko zanenta na nan fashewa take a kan kwalta mai zafi. Fitilun baya da gilashi da ƙarfen ado su ne suka fara wuya, in ka gan su a Panteka ka saya ka ajiye ko ba ka buƙata yau.

Akwai gidaje a Zariya da ba a ambatar wagon sai an yi shiru, saboda waɗanda suka rasa a hanyar Kaduna zuwa Kano. Motar ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani mai hana taya kullewa, kuma gudunta ya fi ƙarfin birkinta idan an cika ta. Mutum biyu a gaba ban da direba, buhuna a kan rufi, but a buɗe an ɗaure da igiya, haka aka riƙa yi. Kai kada ka yi. Gyara bel ɗin kujera ya riƙa kamawa, canza man birki duk shekara biyu, ka duba fayif ɗin birki na ƙarfe da ke bin ƙasan mota, domin su ma tsatsa na cin su. Idan a-kori-kura ce, dubi sifirin na baya bayan an gama lodi: in ya miƙe sambal ko ya fara lanƙwasa ƙasa, a sauke buhu biyu a dawo a ɗauka.