Ƙwallon tausa: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓe, da yadda za a gyara su

Telan da ya wuni a kan keke, da direban da ya je Abuja daga Kano ya juyo, da ma'aikaciyar da ke duƙe kan kwamfuta tun safe, kukansu ɗaya ne idan dare ya yi: wani wuri tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya ya ɗaure tamau, hannu kuma ba ya kaiwa. Don irin wannan aka yi ƙwallon tausa. Mutum ya sa ta tsakanin jikinsa da bango, ya jingina, nauyinsa ya yi aikin da babban yatsan mai tausa zai yi. Abu ne mai amfani, ga araha. Abin da ke damuna shi ne yawan waɗanda ke saye, su gwada, su tashi da tsamin jiki fiye da na da, su jefa ta ƙarƙashin gado su ce ƙarya ce. Galibi tun wajen zaɓe aka kuskure.

Babban kuskuren shi ne neman wadda ta fi tauri. Mun saba da cewa tausar da ba ta sa ka ƙara ba, ba ta shiga ba. To, tsoka ba haka take ba. Idan aka danna ta da abin da ya fi ƙarfinta, sai ta ƙanƙame don ta kare kanta, ga shi kuwa sakinta ake nema. Wanda ya taɓa gyaran nama ya san farin tantanin nan da ke lulluɓe da tsoka, wanda wuƙa ma sai ta yi da gaske. Irinsa ne a jikinmu, ya naɗe kowace tsoka ya haɗa ta da maƙwabciyarta, kuma shi ake nufi idan ana maganar sassauta tantanin tsoka. Ƙwallo ba ta yaga shi, ba ta kuma fasa wani ƙullutu kamar yadda masu talla ke faɗa. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne sauƙin tsami da ƙarin sakewar gaɓa na ɗan lokaci, kuma ana ganin yawancin wannan daga jijiyoyin saƙo yake zuwa, su ne ke rage ɗaurin idan dannar ta zo da daɗi. Saboda haka ga ma'auni: idan kana iya jan numfashi a hankali, fuskarka a sake, ƙwallon ta dace da kai. Idan kana cije leɓe kana riƙe numfashi, ta yi maka tauri, ko da kuwa ita ce aka fi yabo a kasuwa.

Shi ya sa nake ganin mai farawa ya fara da ƙwallon tanis. Faɗinta kusan santimita 6.7 ne, cikinta iska ce, tana lotsawa kaɗan idan an hau ta. Wadda ’yan motsa jiki suka fi ambato ita ce ƙwallon lakuros, wani wasa na Amurka da Kanada. Ita roba ce zalla har ciki, faɗinta kusan santimita 6.3, nauyinta ya haura giram 140, alhali ta tanis ba ta kai giram 60 ba. A ido kusan girmansu ɗaya, a jiki kuwa da nisa. Lakuros tana da ranarta, amma sai jiki ya saba, kuma a wuri mai kaurin tsoka. Ita ma tanis tana da aibinta: idan ana yawan kwanciya a kanta takan mutu ko ta tsage. Da ta fara lotsewa ba ta dawowa, a canja ta.

Sai masu son ƙwallo ɗaya ta yi musu komai, daga tafin ƙafa har wuya. Girma yana da ruwa da tsaki a nan, domin ƙaramar ƙwallo tana tara nauyinka a ɗan wuri, babba kuma tana baza shi. Ƙwallon golf, mai faɗin santimita 4.3, ta tafin ƙafa ce, mutum yana zaune a kujera yana murza ta daga gaban dunduniya zuwa gindin yatsu. Kada a kai ta gadon baya. Ɗuwawu da cinya kuma, inda tsoka ke da kauri, sun fi son mai ɗan girma, santimita 10 zuwa 12, ta soso mai tauri. Ƙarama a nan nutsewa take yi, ko ta soki wuri ɗaya ta bar shaida. A cikin ɗuwawun akwai wata babbar jijiya da ke sauka har ƙafa. Idan ka ji wani abu ya tsarga maka kamar lantarki, ko yatsu sun fara mutuwa, ita ka taka. Ka matsa gefe nan take, wannan ba alamar tausa tana shiga ba ce.

Masu ƙayoyi su suka fi ɗaukar ido a hoto, kuma da yawa don wannan suke sayensu. Su ƙayoyin, fata suke tayarwa, suna da daɗi a tafin ƙafa da tafin hannu. Amma ga wanda ke son danna mai zurfi a wuri ɗaya, mai sumul ta fi. Masu batir da ke karkarwa kuwa ba laifi ga mai hali, sai dai ba su ne sharaɗin samun sauƙi ba.

Akwai abin da hoton intanet ba zai gaya maka ba, wato yadda ƙwallon ke kama ƙasa. Ta leda mai ƙyalli sulluɓewa take yi a kan tayil, kana jingina ta kufce, ka bugu. Ta roba ko ta silikon tana riƙe bango da daɓe. Idan a shago za ka saya, ka matsa ta da manyan yatsu biyu, ka duba ko akwai kaifi a wurin haɗinta, ka shinshina. Mai warin sinadari ka bar musu kayansu, araha ba ta ado. A zafinmu kuma gumi ba wasa ba ne, gara wadda ruwa da sabulu za su wanke.

Wasu zaɓensu daidai ne, amma sai su kwanta a kanta tun ranar farko, duk nauyinsu a kan ɗan abu. A fara a bango. A tsaye kai ke da iko: ka matso da ƙafafu kusa da bango danna ta ragu, ka ja su gaba ta ƙaru. Ga dabarar da ke hana ta faɗuwa: ka jefa ƙwallon cikin doguwar safa, ka riƙe bakin safar, ka saƙalo ta ta kan kafaɗa har ta sauka inda ke damunka. Idan an koma kwanciya, a fara a kan katifa ko darduma kafin daɓe.

Ƙashin baya shi ne inda nake roƙon a kiyaye sosai. Ba a ɗora ƙwallo a kan ƙashin kansa, tsokar gefe da gefe ake so. Don wannan aka ƙera mai siffar gyaɗa, ƙwallaye biyu a manne da kwari a tsakani, ƙashin ya zauna a kwarin ba abin da ya taɓa shi. Ba sai an saya ba: ƙwallon tanis biyu a safa ɗaya, a ƙulle bakin da kyau, shi ke nan. Gaban wuya da gefensa, da hammata, da matsematsi, da bayan gwiwa, duk hanyoyin manyan jijiyoyi ne, ba wurin ƙwallo ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Wani kuskuren shi ne nacewa wuri ɗaya. Daƙiƙa 30 zuwa minti 1 ko 2 sun isa, sai a sake wuri. Minti goma ana murzar wuri guda kumburi yake bari. Kuma ba kullum inda ake jin ciwo ne tushensa ba. Janet Travell, likitar shugaban Amurka John Kennedy, da abokin aikinta David Simons sun shahara da zana yadda ɗaurin tsoka a wani wuri ke aika ciwo wani wurin, misali tsokar saman kafaɗa ta sa ciwo a gefen kai. Don haka a lalubi kewayen wurin a hankali.

Akwai kuma waɗanda sai sun tambayi likita kafin su taɓa kowace iri: mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, dattijon da ƙashinsa ya yi rauni, da mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai, domin zai iya jin rauni bai sani ba. Sabuwar targaɗe da jijiyoyin ƙafa da suka kumbura suka fito ba a murza su. Idan sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ja, ana tsoron gudan jini ne, kuma tausa na iya tura shi huhu; wannan na asibiti ne a ranar. Ciwon da ya ƙi sauƙi bayan mako biyu ana gwadawa, ko yake tafe da mutuwar hannu ko ƙafa, a kai shi wurin likitan gashin ƙashi, a tafi da ƙwallon ma ya ga wadda ake amfani da ita.