Yanka Katako da Injin Tafi-da-gidanka a Legas da Yadda Ake Sanya Farashi

Kafin ka ɗora gungume a kan injin, ka kankare yashin da ya manne masa, musamman idan ta ruwa aka kawo shi, domin yashi yana dakushe zarto nan da nan. Bishiyar da aka sare a cikin gida kuwa takan ɓoye tsohuwar ƙusa, saboda haka ka shaida wa mai kaya tun farko cewa idan zarto ya karye, shi zai biya.

Wajen farashi, ka auna tsawon gungumen da kaurinsa, ka haɗa kuɗin mai, wasa zarto da jigilar injin. Itacen iroko ya fi na obeche tauri, don haka kuɗinsu ba ɗaya ba ne.