Yadda Ake Zuwa Baje Kolin Zane-zanen Zamani, Daga Kaduna Har Legas

Da gado ne ke kai mutum wurin kallon zane, da 'yan Kaduna ne a sahun gaba. Ƙauyen Nok, wanda aka raɗa wa mutum-mutumin yumɓun nan da duniya ta sani sunansa, yana ƙaramar hukumar Jaba ne. A Zariya kuma, a 1958, wasu ɗalibai da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ƙi kwaikwayon Turawa ido rufe, har aka riƙa ce musu 'yan tawayen Zariya. Zanen zamani na Najeriya da ake alfahari da shi yau, babban reshensa daga wannan makaranta ya fito. Amma da an ce ana buɗe baje koli, sai yawancinmu mu ce ai wannan harkar masu kuɗin Legas ce. Alhali galibin wuraren nan kyauta ake shiga, kuma ba wanda zai tare ka a ƙofa ya ce sai ka saya. Kallo ne aikinka, shi kuwa ana koyonsa.

Mataki na farko: san irin taron da za ka

Iri biyu ne, kuma shirinsu ya bambanta.

Akwai bikin buɗe nuni a galari. Galari shago ne mai farin bango da ke baje aikin mai zane ɗaya ko 'yan kaɗan na tsawon makonni, yana sayarwa yana cire kamashonsa. Ranar farko da yamma ake bikin: mai zanen na nan, abokansa na nan, ana ɗan jawabi, ana zagayawa da abin sha. Awa biyu zuwa uku an watse.

Akwai kuma babban baje koli na shekara-shekara. Wanda ya taɓa shiga kasuwar duniya ta Kaduna da ke kan hanyar Zariya ya riga ya san fasalinsa: rumfa-rumfa a jere, kowa da kayansa, sai dai a nan kowace rumfa galari ce, kayan kuma zane ne da sassaƙa da hoto. Mafi girma a ƙasar nan shi ne ART X Lagos, wanda Tokini Peterside ta kafa a 2016. A watan Nuwamba ake yinsa, kuma shekarun baya-bayan nan a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island. Shi sai da tikiti, kuma daren farko na waɗanda aka gayyata ne, wato manyan masu saye. Kada ka damu da wannan daren. Ranar da aka buɗe wa kowa, da safe ma ka fi samun sarari.

Mataki na biyu: fara da gida

Kafin ka kashe kuɗin jirgi, horar da idonka a nan Kaduna. Gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu yana da kayan Nok da sauran kayan da. Ba na zamani ba ne, amma idan ka tsaya gaban kan mutum-mutumin Nok ka lura da idonsa mai kusurwa uku da hudar da ke tsakiyarsa, za ka gane cewa tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce mai fasaha ba kwafin fuska yake yi ba, zaɓen abin da zai nuna yake yi.

Daga nan sai Samaru. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan da ransa, kuma ɗaliban ajin ƙarshe kan baje aikin kammalawarsu. A ganina babu wurin da ya fi wannan ga sabon shiga. Ɗalibi na murna a tambaye shi, ba ya ja maka aji, kuma aikinsa bai yi tsadar da za ta tsorata ka ba. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna, KABAFEST, wanda aka fara a 2017, shi ma yakan haɗa da nunin zane, don haka ka sa kunne duk shekarar da aka sanar da shi.

Mataki na uku: samun labari

Ba a rediyo ake shelar waɗannan taruka ba. Instagram ne dandalinsu. Bi shafukan galari-galari irin su Thought Pyramid da Retro Africa a Abuja, da Rele da Omenka da Terra Kulture da Nike Art Gallery a Legas. Idan sanarwa ta ce a shaida musu za a zo, aika saƙo da sunanka. Idan ka je kuma, akwai littafin baƙi a bakin ƙofa. Rubuta suna da imel, daga ranar gayyata za ta riƙa zuwa da kanta.

Mataki na huɗu: hanya

Abuja ta fi sauƙi. Ka hau jirgin ƙasa a Rigasa ka sauka Kubwa ko Idu, amma sayi tikiti da wuri, musamman na ƙarshen mako. Tunda da yamma ake buɗe nuni, shirya kwana a can. Ba zanen da ya kai a kama hanyar Kaduna cikin dare saboda shi.

Legas kuwa cunkoso ne abokin gabarka. Kada ka tsara Yaba da Lekki a yini ɗaya kana tsammanin za ka yi wa kowanne adalci. Ware yini guda don babban baje kolin, wani yinin don galari biyu ko uku da ke kusa da juna. Gidan Nike da ke Lekki, na Nike Davies-Okundaye, bene ne hawa-hawa maƙil da aiki tun daga ƙasa har sama, shi kaɗai ya isa ya cinye maka rabin yini. Ka kira kafin ka tafi, don wasu ba sa buɗewa Lahadi ko Litinin.

Mataki na biyar: shiga da zama cikin mutane

Kaftani da hula sun wadatar, haka atamfa ko abaya. A irin wuraren nan ma shigar gida ta fi jan ido a kan kwat. Abin lura shi ne babbar riga da dogon mayafi: sassaƙa da tukwane a kan ɗan dandamali ake ɗora su tsakiyar ɗaki, ba a kafe suke ba, kuma hannun riga ɗaya idan ya wulga ya isa ya jawo maka bashin da ba ka shirya ba. Tattara shi a kafaɗa. Jakar baya a bar ta wurin masu gadi. Takalmi kuma mai daɗin tsayuwa, don kujera ba ta cika samuwa ba.

Abu biyu da ba a faye faɗa wa mutanenmu ba. Na ɗaya, tiren da ake zagayawa da shi yakan haɗa giya da lemo, wani lokaci a kofi iri ɗaya. Tambayi mai tiren kai tsaye, ko ka ce a ba ka ruwa, ba wanda zai kalle ka. Na biyu, bikin yakan ci karo da magariba, kuma ba kowace galari ke da wurin salla ba. Je da alwalarka, ka tambayi mai gadi inda yake yin tasa.

Mataki na shida: kallon kansa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin hasara. Za ka ga mutum ya shigo, waya a sama, ya ɗauki hoton komai, ya fita bai ga komai ba.

Fara da zagaye ɗaya cikin sauri, ba karatu, ba hoto. Kana tafe kana lura da wanda ya sa ka rage sauri, ko don ya burge ka ko don ya ba ka haushi. Duka biyun alama ce mai kyau. Zaɓi uku ko huɗu, ka koma musu ɗaya bayan ɗaya.

Tsaya nesa tukuna, kamar taku biyar. Ina idonka ya fara sauka? Daga nan ina ya tafi? Sai ka matso har ka ga sawun buroshi, amma hannu a baya. Aikin El Anatsui, ɗan Ghana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Nsukka, shi ne misalin da ya fi nuna amfanin wannan. Daga nesa sai ka rantse wani ƙasaitaccen mayafi ne na zinariya aka rataye, yana lanƙwasa yana sheƙi. Ka matso, sai ka ga marafan kwalaben giya ne dubbai, an buge su sun baje, an huda kowanne an ɗinke shi da ɗan'uwansa da wayar tagulla, har sunan kamfanin kana iya karantawa a jikin wasu. Wanda ya tsaya nesa kawai ya ga ado. Wanda ya matso ya fara tunanin su wa suka sha, su wa suka tsinto, hannu nawa suka ɗinka.

Sai bayan ka gama da idonka za ka karanta 'yar takardar da ke gefe. Tana ɗauke da sunan mai aikin, sunan aikin, shekara, abin da aka yi shi da shi, da girmansa. Layin kayan aikin nan kada ka tsallake shi: fentin mai ne, gawayi ne, ƙyalle ne, ko tarkace aka haɗa? Dogon bayanin da ake liƙawa a bango kuwa, wani yana da amfani, wani Turanci ne kawai ya yi wa marubucinsa yawa. Idan ka karanta sau biyu bai shiga ba, bar shi ka koma wa zanen.

Za ka iya cin karo da zanen tsiraici. Wuce abinka, ba sai ka yi wa ɗakin wa'azi ba, ba kuma wanda zai ce don me. Wanda kuma ba ya son surar abu mai rai, akwai abin kallo da yawa da ba ruwansa da sura: aikin launi zalla, rubutun Larabci da zayyana, saƙa, rini, tukwane. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20 da tukunya ta yi suna a duniya. Ka kuma nemi namu: Farfesa Jerry Buhari na Zariya, ɗan kudancin Kaduna, da Williams Chechet da ya tashi a garin Kaduna yana sarrafa fuskokin 'yan Arewa da launuka masu ƙarfi, da Fati Abubakar mai ɗaukar hoton rayuwar yau da kullum a Borno.

A babban baje koli ido na ƙoshi. Bayan awa ɗaya da rabi komai zai fara kama da juna. Fita ka sha ruwa, ka dawo.

Mataki na bakwai: magana da mai zanen

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma suna ta tara. “Me wannan yake nufi?” takan sa mai zane ya maimaita maka jawabin da ya haddace. Gwada: “Malam, da me ka yi wannan wurin da ya yi tudu?” ko “Hajiya, wanne kika fara yi a cikin waɗannan?” Nan take za ka ga fuska ta saki. Idan dattijo ne ko malamin jami'a, gaishe shi yadda ya kamata kafin tambaya, “ranka ya daɗe” ba ta tsufa. Kada ka riƙe shi fiye da minti biyar a daren buɗewa, ga jama'a na jira. Maganar “ai ko yarona zai iya wannan” kuma ka riƙe ta sai ka shiga mota.

Nemi izini kafin hoto, ka kashe hasken kyamara, idan za ka wallafa kuma ka sa sunan mai aikin.

Mataki na takwas: idan zuciya ta biya

Ɗan jan ɗigo a gefen zane na nufin an saya. Farashi ba kasafai ake liƙa shi a bango ba, yana kan takarda a teburin shiga, kuma neman ganinta ba alkawarin saye ba ne. Kada ka firgita idan ka ga dala. Zanen Tutu na Ben Enwonwu an sayar da shi fam miliyan 1.2 a wani gwanjo a Landan a 2018, amma wannan can ƙololuwa ne. A ƙasa akwai aikin takarda, da hotuna, da bugu. Idan ka ga an rubuta 3/20 da fensir a ƙasan aiki, kwafi na uku ne cikin 20 da aka buga, kuma da shi yawancin masu tara zane suke farawa.

Ana neman ragi, amma a hankali kuma a gefe, ba irin tayin da ake raba kuɗi biyu ba. Wasu galari na karɓar kafin alƙalami a cika saura daga baya. Abin da ba a yi shi ne jan mai zanen lungu a ce ya sayar maka ta bayan fage. Galarin ce ta biya haya da firam da talla, kuma idan maganar ta fito shi za a daina baje wa aiki.

Karɓi rasit, da takardar shaida mai sa hannun mai zanen da ke nuna sunan aikin da shekara da girma. Idan kuwa wani ya raɗa maka cewa yana da “Nok na asali” a but ɗin mota, yi gaba. Ko jabu ne, ko na haƙar sata, kuma doka ta hana cinikin kayan tarihi ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba.

Wurin dawowa gida, a naɗe aikin da kyau ka riƙe shi a hannu idan girmansa ya yarda, kada ya shiga cikin lodi. A gida kuma nema masa bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, ba kuma wanda ke tsattsafo da damina ba, don laima na kumbura takarda ta sa mata tabo. Aikin takarda a sa masa gilashi saboda ƙurar hunturu. Na fenti kuma busasshen buroshi mai laushi ake kaɗe shi da shi, ka kuma gaya wa duk mai share ɗakin kada jiƙaƙƙen tsumma ya kusance shi.