Yadda Ake Kafa Zama A Milan Ba Tare Da Takardu Sun Ɗaure Ka Ba

Yawancin baƙin da na ga sun sha wuya a Milan, makon farko suka yi wasa da shi. Mutum ya sauka a filin jirgin sama na Malpensa, ya hau jirgin ƙasa zuwa babbar tashar Centrale, washegari yana gaban Duomo, babban cocin garin, yana ɗaukar hoto. Alhali dokar Italiya kwana 8 na aiki kacal ta ba wanda ya shigo da bizar dogon zama ya nemi izinin zama, wato permesso di soggiorno. Duomo tun 1386 aka fara gina shi, ba inda za shi.

In ɗalibi ne kai, fara da gidan waya, amma wanda ke da alamar Sportello Amico. Wanda ya zo aiki ko ya biyo iyali, sai ya fara biyawa ta Sportello Unico, sashen baƙi a Prefettura, ofishin wakilin gwamnatin ƙasa a lardi. A gidan wayar ka ce a ba ka "kit", wani ambulan ne mai ratsin rawaya da fom ɗin neman izinin a ciki, kyauta ake bayarwa. Kada ka cika shi da kanka, kada kuma ka ba 'yan bakin tasha kuɗi su cika maka. Ofisoshin taimakon cike takardu, wato patronato, irin su ACLI da INCA aikinsu ke nan, ba sa karɓar ko sisi. Sai ka nemi shagon taba mai babban harafin T a ƙofa ka sayi kan sarki na Yuro 16, marca da bollo sunansa. Haɗa da kwafin fasfo da bizarka.

Ga inda mutane ke tuntuɓe: kada ka liƙe ambulan. A buɗe ake mayar da shi gidan wayar, don ma'aikacin zai duba abin da ke ciki, ya dubi fasfonka, ka sa hannu a gabansa. Riƙe kuɗi a hannu: Yuro 30 na aikawa, 30.46 na katin izinin, da 40 in izinin bai wuce shekara ba. Zai miƙo maka rasit da takardar ranar zuwa Questura, hedikwatar 'yan sanda, a ɗauki hoton yatsunka. Ranar na iya kai watanni, kuma kafin katin ya fito wannan rasit ɗin shi ne shaidarka gaban ɗan sanda da banki. Yi masa kwafi, ka ɗauke shi a waya, ka adana shi kamar takardar gona.

Lambar haraji, codice fiscale, kyauta ce a ofishin haraji na Agenzia delle Entrate, haruffa da lambobi 16. Ba shi, ba asusun banki, ba kwangilar haya.

Sai gida, kuma a nan zan daɗe. Haya a Milan da tsada, shi ya sa in wani ya ce ga ɗaki da sauƙi amma "in nero", ba takarda, sai baƙo ya yi wuf ya kama. Araha ce mai cin mutum daga baya. Ba ka da kwangilar da aka yi wa rajista, to rajistar mazauni a ofishin Anagrafe na Comune, wato hukumar gari, za ta gagare ka, ita kuwa wannan rajistar, residenza, ita ce ƙofar katin shaida da sauran abubuwa da yawa. Doka ta ce a yi wa kwangila rajista cikin kwana 30, kuɗin ajiya kuma kada ya wuce hayar wata 3. Tambayi mai gida ƙarara kafin ka biya: zan iya yin residenza a nan? In ya fara kame-kame, kama gabanka. Kada kuma ka tura kuɗi don ɗakin da a hoto kawai ka gan shi. In gidan ɗan'uwa ka sauka, shi ma da nasa aikin: ya sanar da 'yan sanda a rubuce cikin awa 48.

Bayan ka nemi residenza, ɗan sandan gari zai iya leƙowa cikin kwana 45 ya tabbatar a nan kake kwana. Rubuta sunanka, yadda yake a fasfo, a jikin ƙararrawar ƙofa da akwatin wasiƙa. Ɗan guntun takarda da salatif sun isa. Na ga wanda aka mayar baya don wannan kaɗai, mutumin ya zo bai ga suna ba ya juya.

Saura masu sauƙi ne. Katin asibiti, tessera sanitaria, shi ke ba ka likitan unguwa. Tun 2024 ɗalibi Yuro 700 yake biya, kuma ranar 31 ga Disamba yake ƙarewa ko da a Oktoba ka biya, don haka yi lissafi. Tikitin ATM, kamfanin bas da jirgin ƙasa na cikin gari, Yuro 2.20 ne na minti 90, amma ni dai na wata nake cewa a saya. Ka tabbata ka buga shi a na'ura, masu duba tikiti ba su san "ni baƙo ne" ba. Yi rajistar koyon Italiyanci a CPIA, makarantar manya ta gwamnati, tun da wuri. Naman halal da kayan miya, nufi Via Padova, ga kuma masallacin Segrate a bakin gari. Kada ka tsara wata harkar ofis a tsakiyar Agusta, lokacin hutun Ferragosto rabin garin a rufe yake.