Yadda ake neman magani a asibitocin gwamnatin Kyuba

A Kyuba ba a fara zuwa babban asibiti sai in abin gaggawa ne. Matakin farko shi ne ɗakin likitan unguwa, tsarin da aka kafa a 1984: likita ɗaya da nas ɗaya, suna riƙe da fayil ɗin kowane gida. Da safe suna duba marasa lafiya, da yamma su bi gidaje.

Likitan zai sa ka a ɗaya cikin rukuni 4: mai lafiya, mai haɗarin kamuwa da cuta, mai ciwo, ko mai nakasa. Kada ka raina wannan, rukuninka ne ke nuna sau nawa za a duba ka a shekara. In ana bukatar gwajin jini, hoto ko likitan haƙori, sai ya ba ka takarda zuwa asibitin yanki, daga can kuma babban asibiti.

Ganin likita, tiyata da kwanciya duk kyauta ne ga ɗan ƙasa. Maganin da za a sha a gida kuwa saya ake yi da rangwame. Mai hawan jini ko ciwon suga ana yi masa kati a kantin magani guda, yana karɓa wata-wata. Matsalar a nan take: katin na hannu, amma sau da yawa kantin babu maganin, saboda ƙarancin kuɗin waje da takunkumin Amurka. Ka riƙa tambayar ranar da kaya ke isowa, ka yi sammako.

Baƙo biya yake yi. Tun 2010 ana neman inshorar lafiya kafin shiga ƙasar, a Havana, babban birnin ƙasar, kuma asibitin Cira García ake tura shi.