Yadda za ka bi sawun janar ɗin Faransa na zamanin mulkin mallaka

Kada ka fara da littafin da janar ɗin ya rubuta game da kansa. Tsohon soja idan ya zauna rubuta tarihinsa, ya riga ya san inda zai ɗaga murya da inda zai yi gum. Ni da shekaru nake farawa.

Ɗauki Henri Gouraud. Ja layi a takarda: haihuwa a Paris 1867, makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr, kama Almami Samori Ture, shugaban da ya daɗe yana yaƙar Faransa a Afirka ta Yamma, a 1898, yaƙin Adrar a Muritaniya 1908 zuwa 1909, sai Maroko, sai yaƙin Dardanel a Turkiyya inda ya rasa hannun dama a 1915, Siriya da Labanan daga 1919, gwamnan soja na Paris 1923 zuwa 1937, rasuwa 1946. Duk labarin da ka ci karo da shi daga baya, ɗora shi a kan layin nan. Wanda ya ƙi zama, ka tuhume shi.

Fayil ɗin aikin hafsoshi yana ma'ajiyar tarihin sojan Faransa da ke Vincennes. Takardun ƙasashen da aka mallaka suna Aix-en-Provence, na Afirka ta Yamma kuma da yawa suna Dakar. In tafiya ba ta yiwu ba, shiga Gallica, shafin babban ɗakin karatun Faransa. Kyauta ne, kuma tsofaffin jaridu suna nan jibge.

Sai yanzu ka buɗe littafinsa. Gouraud ya rubuta jerin littattafan tuna baya, ɗaya ma sunansa Zinder-Tchad, wanda ya fito a 1944, wato kusan shekara 40 bayan abubuwan da yake ba da labari. Riƙe wannan tazarar a ranka. Karanta da fensir a hannu. Inda ya ce an kwantar da tarzoma, tambayi kanka ƙauyuka nawa aka taɓa, wa ya ɗauki kaya a ka, hatsin wa sojoji suka ci. Kuma lura da waɗanda suka riƙe bindigar: galibinsu sojojin Afirka ne da ake kira tirayo, amma sunan hafsan Bature ne ke shiga rahoto. Nan ne nake fi daɗewa, don a nan aikin yake.

Daga nan nemi bakin ɗaya ɓangaren. A Faransa kama Samori shi ne ya ɗaga sunan matashin kyaftin. A Gini labarin Almami ne da aka kai Gabon ya rasu can a 1900. Haka yaƙin Maisalun, inda sojojin Gouraud suka kara da Siriyawa a 24 ga Yulin 1920: rahoton soja zai ce nasara, Siriyawa kuwa suna tuna ministan yaƙinsu Yusuf al-Azma da ya faɗi a filin, da korar Sarki Faisal daga Dimashƙu.

Hattara da maganganu masu daɗin ji. Akwai wadda ake yawan jingina wa Gouraud, wai ya tsaya a kabarin Salahuddini a Dimashƙu ya ce su Turawa sun dawo. Masana tarihi suna jayayya a kanta, wasu ma wani janar daban suke danganta wa. In za ka kawo ta, faɗi wanda ya fara ruwaito ta da shekarar da ya rubuta.