Kurakuran da aka fi yi idan inji ya mutu kana kai kaɗai a teku

Daga Las Palmas, tashar jiragen ruwa a tsibiran Canary na Sifen, zuwa tsibiran Karebiyan kusan mil 2,700 ne na teku, tafiyar mako uku ko fiye a ƙaramin jirgi mai filafili. Iska ke tura jirgin, don haka mutuwar inji ba ta tsayar da tafiya. Cajin batir take tsayarwa, batir ɗin kuwa shi ke riƙe da na'urar da ke tuƙa jirgi idan ka kwanta. Ba wuta, ba barci. Wanda ya kwana biyu riƙe da sitiyari, hankalinsa zai riga jirgin lalacewa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne yi ta buga kik. Inji ya ƙi tashi, mutum ya dinga murɗa makulli kamar mai fama da tsohuwar mota. Batir na ƙarewa, amma ɓarnar ta wuce nan: duk juyin da injin ya yi, famfonsa na zuƙo ruwan teku yana zubawa cikin salansa, ga shi babu hayaƙin da zai fitar da shi. Salansa ta cika, ruwan gishiri ya gangara cikin silinda, ƙaramar matsala ta zama babba. Ka buga na daƙiƙa goma, ka huta. In za ka maimaita, rufe bawul ɗin shigar ruwa, ka buɗe shi da zarar inji ya kama.

Sau da yawa ma injin lafiyarsa ƙalau, man gas ne ya ƙi isowa. Datti da ruwan da suka kwanta a gindin tanki ba sa motsi a bakin gaɓa. Da igiyar ruwa ta fara jijjiga jirgi sai su taso su toshe filta. Mutum ya sa sabuwa, ya buga, shiru, sai ya ce inji ya tafi ke nan. Iska ce ta shiga layin mai. Sassauta ƙusar da ke kan filta, ka yi ta danna ɗan famfon hannu har man ya fito babu kumfa. Filta ɗaya ta ajiya kuwa wasa ce, don tanki mai datti zai cinye uku a yini. In abin ya ƙi, jefa tiyo cikin jarkar mai mai tsabta ka manta da tankin.

Inji ya tashi, leƙa salansa. Babu ruwa, kashe shi nan take: robar famfo ta guntule, kuma sai ka nemo guntayenta kafin ka sa wata.

A ɓangaren wuta, kada ka haɗa batir ɗin tayar da inji da na amfanin jirgi ka manta. Batir mai ruwan asid da ya sauka zuwa bolt 12.2 ya kai rabi. Firij za ka fara kashewa, ruwan sanyi ba ya hana karo. Fitilun dare da na'urar AIS, mai nuna inda jiragen da ke kusa suke, su ne na ƙarshe. In caji ya ragu, taɓa fambel kafin ka zargi altaneta. Na fi amincewa da na'urar tuƙin da iska ke sarrafawa a bayan jirgi, ita ba ta san batir ba.

Kada kuma ka dulmiya kai cikin warin gas jirgi na gudu. Daidaita filafili har jirgin ya tsaya yana lilo a hankali, ka ci abinci, sannan ka ɗauki sifana.

A gasar Vendée Globe ta 2000 zuwa 2001, tseren zagaya duniya a jirgi mai filafili mutum shi kaɗai, kik ɗin Michel Desjoyeaux ɗan Faransa ya lalace a tekun kudu. Ya naɗe igiya a jikin wilin da ke juyawa tare da injin, ya ɗaure ɗaya bakin a sandar babban filafili, ya saki. Iska ta fizgi igiyar, inji ya tashi. Shi ya zo na ɗaya, cikin kwana 93.